Zaɓen 'yan wasa a FPL Draft: amsoshin da na gaji da maimaitawa

FPL Draft wasa ne na intanet da ake zaɓar 'yan wasan Firimiyar Ingila bi da bi, kowa ya samu maki gwargwadon abin da 'yan wasansa suka yi a fili. Ni nake riƙe da gasarmu ta mutum 10 a wani gidan kallo da ke Unguwar Rogo, nan Jos. Da Agusta ya kama, tambayoyin nan dai nake sha, a waya da wajen mai shayi. To ga su, kowa ya karanta.

Wa zan ba kyaftin?

Babu kyaftin a Draft. Babu kuɗin saye. Ɗan wasan da wani ya ɗauka ya fita hannunka.

'Yan wasa nawa zan ɗauka?

15: gola 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3.

Ni na faɗo ƙarshen layi, ba an cuce ni ba?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Layin juyawa yake yi. Na 10 a zagayen farko shi ne na 1 a zagaye na biyu, biyu za ka ɗauka a jere.

Tunda makin ɗan baya da na sauran gurabe sun kusa daidaita, in fara da ɗan baya?

Wannan kam tana da wuya, kuma amsar ta danganta da yawanku. Gaskiya ne ɗan baya ya samu daraja. Ƙwallonsa maki 6 ce, ta ɗan tsakiya 5, ta ɗan gaba 4. In ba a ci su ba ya samu 4. Daga kakar 2025/26 kuma aka ƙara masa maki 2 in ya yi aikin tsaro sau 10 a wasa, su tare ƙwallo da ƙwace ta da korar ta. Amma ni ba yawan maki nake fara dubawa ba. Abin da nake tambayar kaina shi ne, in na bar wannan, wa zan samu a madadinsa? Mu 10 muna buƙatar 'yan baya 50, ƙungiyoyi 20 kuwa suna fito da kusan 80 duk mako. 'Yan gaba 30 muke nema, alhali yawancin ƙungiyoyi guda ɗaya suke sakawa. Ka ga inda ƙarancin yake. Na sha ganin mutum a zagaye na 12 yana ta murza waya, gumi a goshi, duk ɗan gaban da ya rage ɗan benci ne.

Saboda haka zagaye uku na farko ɗan gaba da 'yan tsakiya masu cin ƙwallo nake bi. A kakar 2024/25 Salah ɗan tsakiya ne a wasan, ya ci ƙwallo 29 ya tara maki 344. Sai dai in ku 4 ne ko 6, ƙarancin bai kai haka ba, kana iya ɗaukar babban ɗan baya da wuri. Haka in ka ga kowa ya ruga wajen 'yan gaba har na kirki sun ƙare, kar ka bi yarima a sha kiɗa, ɗauki mafi kyau a wani gurbin.

Gola fa?

Can ƙarshe.

Ni ɗan Arsenal ne, zan iya cika ƙungiyata da su?

Haba malam! Ranar da aka zura musu biyu, golanka da 'yan bayanka duk sun rasa maki 4, an kuma zaftare wa kowannensu 1. Kar ka zo min da kuka.

Zaɓena ya lalace, shi ke nan?

A'a. Duk mako ana musanya da 'yan wasan da ba mai su, kuma na ƙasan tebur ake fara ba wa. Ka dai tura buƙatarka kafin a rufe.