Dokar VAPP da Aikin 'Yan Sanda kan Cin Zarafi a Cikin Gida

Dokar Haramta Cin Zarafin Mutane, wadda aka fi sani da VAPP, doka ce ta tarayyar Najeriya da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015. A Babban Birnin Tarayya, Abuja, kaɗai take aiki kai tsaye; jihar da ke son ta sai majalisarta ta zartar da tata, kamar yadda Kaduna ta yi a 2018. Hukumar NAPTIP, mai yaƙi da safarar mutane, ita aka ɗora wa kula da ita a Abuja.

Kafin zuwanta, sashe na 55 na Final Kod, wato kundin dokokin laifuka na Arewa, bai ɗauki dukan da miji ya yi wa matarsa da sunan ladabtarwa a matsayin laifi ba, muddin al'adarsu ta yarda kuma bai kai ga mummunan rauni ba. VAPP ta mai da dukan abokin aure laifi, hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. Korar mata daga gida da ƙarfi, da yin watsi da iyali ba ci ba sha, su ma laifuka ne.

Inda dokar ta fi muhimmanci shi ne ofishin 'yan sanda, domin nan ne ƙara kan mutu da kalmar "ku je gida ku sasanta". Sashe na 32 ya wajabta wa ɗan sandan da aka kai wa koke ya taimaka wajen shigar da ƙara, ya kai wadda aka ji wa rauni asibiti ko wurin da za ta tsira, ya bayyana mata haƙƙoƙinta, ya kuma raka ta gida ta kwashe kayanta. Yana da ikon kama wanda ake zargi ba tare da waranti ba. Rakiyar nan ba ƙaramin abu ba ce ga wadda ta fito da zanen jikinta kawai.

Kotu kan ba da umarnin kariya da zai hana mai cin zarafin kusantar ta, kuma malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya na iya nema a madadinta da izininta a rubuce. Ƙarar laifin kuwa ta gwamnati ce. Ikon janye ta yana hannun Antoni Janar.