Abin da ke sa a kashe dokin tseren da ya karye

Mutane da yawa sun daɗe da ɗaukar cewa rowa ko rashin tausayi ne ke sa a kashe dokin tseren da ya karye a ƙafa, wai don ya daina kawo kuɗi. Alhali matsalar a halittar dokin take. Nauyinsa yakan kai kilo 500, daga gwiwa zuwa kofato kuwa babu tsoka, sai ƙashi da jijiya da fata, saboda haka ƙashin yakan ragargaje, kuma jini ba ya wadatar wurin. Doki ba ya jure doguwar kwanciya, idan kuma ya ɗora nauyinsa a kan lafiyayyar ƙafar, sai kumburin cikin kofato mai tsananin azaba ya kama ta.

Abin da ya sami wani dokin tsere mai suna Barbaro ke nan a Amurka, labari mai ban tausayi ƙwarai. Ya lashe gasar tseren dawaki ta Kentucky Derby a 2006, ya karye a tseren Preakness bayan mako biyu, aka yi masa tiyata da jinyar wata takwas, amma ciwon kofato ya tilasta kashe shi a Janairun 2007. Karaya mai sauƙi kuwa, likitocin dabbobi suna haɗa ta da kusoshi, dokin ya warke.