Waiwaye: yadda aka fara bar wa manhaja gadin kwamfutocin soja

Duk wanda yake Gusau a Satumbar 2021 ba sai an yi masa dogon bayani ba. An datse sabis a Zamfara baki ɗaya, waya ta koma tocila, masu POS suka naɗe tabarma, mutum ya hau mota har Funtua don kawai ya ce wa ɗan'uwansa muna nan lafiya. To irin wannan yankewar ce ke hana manyan sojojin duniya barci, amma su a bakin daga: abokin gaba ya toshe sadarwa, bairos ya shiga kwamfutar motar yaƙi ko jirgi marar matuƙi, ƙwararren da zai duba ta kuma yana can hedikwata, wa zai kare ta? Shi ya sa ake neman manhajar da za ta yi gadin da kanta.

Maganar ba yau ta fara ba. A 2003 bairos ɗin Slammer ya harbi kwamfuta kusan 75,000 cikin minti goma, wane hannun ɗan Adam ya kamo wannan gudun. A 2007 aka yi wa Istoniya ruwan hare-hare ta intanet, shafukan bankuna da na gwamnati suka tsaya cak, shekara na zagayowa NATO ta buɗe cibiyar tsaron intanet a Talin, babban birnin ƙasar. Sai bairos ɗin Stuxnet da aka bankaɗo a 2010, ya lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta Iran alhali ba a ma jona su da intanet ba.

Inda abin ya ɗau saiti sosai shi ne 2016 a Las Begas. DARPA, hukumar binciken ma'aikatar tsaron Amurka, ta jera na'urori bakwai suka fafata su kaɗai, kowace tana lalubo ɓaraka ta ɗinke tata ta kai wa sauran farmaki, mutane na zaune suna kallo kawai. Ɗaya daga cikinsu mai suna Mayhem ta ci dala miliyan 2, amma da aka haɗa ta da ƙwararrun mutane a gasar masu kutse ta DEF CON ita ta riƙe wutsiya. Mu nan gida sai 2018 sojan ƙasa suka kafa rundunar yaƙin intanet.

Ni dai abin da ke cin raina, cikin matakan da irin wannan manhaja ke ɗauka har da yanke layi da kanta don killace bairos. Wallahi na san zafin yanke layi, mahaifiyata na kwance ba lafiya a ƙauye lokacin, sai direban mota muke ba wasiƙa ya kai.