Mece ce eriyar saurare, kuma wacce ta dace da mazaunin Legas?

Duk wanda ya taso a gidan da ake da 'yar rediyo mai batir ya taɓa ganin wannan. Maigida ya kama tasha a matsakaicin zango, murya tana shiga tana fita, sai ya ɗan juya akwatin a kan tabarma, bai taɓa maɓalli ko ɗaya ba, murya ta fito raɗau. Abin da ya juya wata baƙar sanda ce a cikin akwatin, an naɗe ta da siririyar waya. Sandar tana ji sosai ta ɓangare biyu, ta sauran biyun kuma kurma ce. Wanda ya gane wannan ya gane rabin abin da ake nufi da eriyar saurare.

Kalmar ta masu rediyon sha'awa ce, mutanen da ke karɓar lasisi su riƙa magana da junansu ta iska daga wannan ƙasa zuwa waccan, ba don neman kuɗi ba. Na Najeriya da 5N lambar kiransu take farawa. A yawancin zangunan da aka ware musu, eriyar da ke aika magana ita ce ke karɓa. Amma idan aka sauko zango na mita 160, wajen megahaz 1.8, da na mita 80, wajen megahaz 3.5, sai a raba aikin gida biyu: wata eriyar ta aikawa, wata kuma ba ta da aiki sai ji. Ta biyun ita ce eriyar saurare.

Waɗannan zanguna na dare ne. Da rana akwai wani rufin iska a sama, tsakanin kilomita 60 zuwa 90, da hasken rana ke tayarwa, yana shanye siginar. Rana na faɗuwa sai ya watse, hanya ta buɗe har Turai da Amurka. Matsalar ita ce ba sigina kaɗai ke bin hanyar ba. Duk walƙiyar da aka yi, ko a nisan kilomita dubu, tana fashewa a kunnen mai saurare, kuma Afirka ta tsakiya da ta yamma suna cikin wuraren da aka fi yin tsawa a duniya. Wannan ƙarar sama ke nan. Ga kuma ta ƙasa, wadda a Legas ta fi ta saman cin rai: inbata, na'urar cajin sola, ƙwan lantarki mai arha, cajar waya, fulogin ƙaramin janareta, da taransifomar layi mai tartsatsi idan an yi yayyafi.

Eriyar aikawa ta mita 160 galibi a tsaye take. Idan cikakkiya ce tsayinta kusan mita 40 ne, kamar bene mai hawa goma sha uku. Tana jefa magana nesa, amma wajen ji ba ta da zaɓi, gabas da yamma, kudu da arewa duk ɗaya ne a wurinta.

A nan sabon shiga ke yin kuskure. Da ya ji sigina ta yi rauni sai ya nufi Alaba ko Ikeja neman na'urar ƙara ƙarfi. To, a wannan zango rediyo ba ƙarfi ta rasa ba. Ka tsaya tsakiyar kasuwar Mile 12 da hantsi, ana sauke tumatir, wani yana maka magana daga can nesa. Da za a ninka maka ƙarfin ji sau goma, hayaniyar ma ninkuwa za ta yi. Abin da kake yi shi ne ka sa tafin hannu a bayan kunne, ka juya wajen mai maganar. Ka rage abin da ke shigowa daga baya. Aikin eriyar saurare ke nan. Siginar da take kawowa ta fi ta eriyar aikawa rauni nesa ba kusa ba, amma ƙarar da ta zubar ta fi yawa, sai maganar ta taso sama da shuuu ɗin.

Uwar su duka ita ce Beverage, sunan injiniyan Amurka Harold Beverage da ya fito da ita a farkon shekarun 1920. A watan Disamba na 1921, da irinta Ba'amurke Paul Godley, yana garin Ardrossan na Sikotilan, ya ji masu rediyon sha'awa na Amurka. Ba wani abu ba ce illa doguwar waya miƙe, sama da ƙasa da mita biyu zuwa uku, an nufa da ita inda ake son ji, a ƙarshenta an haɗa ta da ƙasa ta hanyar rezisto, wato ɗan ƙaramin abin da ke rage gudun wutar lantarki, na wajen om 450 zuwa 500. Reziston shi ke haɗiye abin da ya taho daga baya. Sai dai tana son tsawon zango guda ko fiye, wato mita 160 zuwa sama, shi kuwa fulotin Legas ƙafa 60 ne da 120, idan ma mutum ya mallake shi. Ko mai gona a wajen Epe ko Badagry yana da sauran aiki, domin Beverage ta fi jin daɗin busasshiyar ƙasa. A fadama mai ruwan gishiri ba ta yin abin kirki. Ƙasar Katsina ko ta Azare ta fi dacewa da ita. Kuma waya mita ɗari biyu a daji ba mai gadi, in ta tagulla ce, ba na zaton za ta ga wata biyu.

Mai ɗan tsakar gida zai fi amfana da K9AY, wadda Gary Breed ya wallafa tsarinta a 1997, sunan kuwa lambar kiransa ce. Sanda ɗaya mai tsayin kusan mita takwas, zobba biyu na waya da suka gitta juna, rezisto, da ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Daga ɗaki ake murɗa makunni a zaɓi kusurwa ɗaya cikin huɗu. Akwai 'yar uwarta mai siffar tuta, ƙafa 14 da 29, wadda ba ta buƙatar haɗi da ƙasa, don haka ana iya ɗora ta a saman bene. Dukansu suna ji ta gaba, suna toshe kunne ta baya. Taswira ma ta ɗan taimaki ɗan Legas. Amurka tana arewa maso yamma, bayanka ke nan yana kallon kudu maso gabas, wajen Kwango, matattarar walƙiya. Turai kuwa arewa take sak, hanyar ta bi ta saman ƙasar Hausa da Sahara, shi ya sa da hunturu, lokacin da ba hadari a Arewa, aka fi jin Turawa. Da marka kuwa kowace irin eriya ka kafa sai haƙuri.

Mu masu haya, abin da ya rage mana shi ne ƙaramin zobe, faɗinsa kamar mita ɗaya, da 'yar na'urar ƙara ƙarfi a gindinsa. Ƙanen sandar nan ne ta cikin rediyon maigida. A Agege na fara ganin aikinsa, a wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Na kai masa kukan cewa daga magariba ba na jin komai a mita 80 sai ƙara kamar ana suyar ƙosai.

Ya ce, "Ɗana, ka kashe wutar ɗakinka gaba ɗaya ka gwada da batir?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To je ka fara da nan. Kada ka ɗora wa maƙwabci laifi alhali ɓarawon yana ƙarƙashin gadonka."

Kusan rabin ƙarar daga cajar kwamfutata take. Sauran muka bi da zoben a saman rufi. Yana riƙe da shi yana juyawa a hankali, ni ina sanye da abin ji a kunne. A wani wuri, tazarar da ba ta fi faɗin yatsu uku ba, suyar ta ɗauke ɗif, sai ga ƙit-ƙit ɗin wani mai buga Mos, wato aika saƙo da gajeru da dogayen sauti, a ƙarƙashinta. Muka leƙa ta cikin ramin zoben, ya nuna mana tagar wani shago mai inbata a ƙetaren layi. Iyakarsa ke nan kuma. Zobe yana kashe maƙiyi ɗaya da ke kusa, a kusurwa ɗaya. Idan inbata uku suka kewaye ka, ko tsawa ce ke saukowa daga sama ta ko'ina, abin da zai yi maka kaɗan ne.

Akwai abin da ake mantawa, shi ne wayar da ta taho daga eriya zuwa ɗaki. Wayar dish ta talabijin ta isa, ga araha. Amma jikinta na waje yana kwasar ƙarar gidan ya kai wa eriyar, ya ɓata duk wahalar da aka sha. Maganin shi ne a naɗa ta sau da yawa a zoben ferait, irin baƙin abin da aka yi sandar rediyo da shi, kusa da eriya da kuma kusa da rediyo, a nisanta ta daga wayoyin wuta, a binne ta in da hali. Ita kanta eriyar a kai ta can ƙarshen fili, nesa da mitar wuta da janareta.

Ba a aika magana da eriyar saurare, nan take reziston ko na'urar gindinta za ta ƙone. In hadari ya haɗo, a zare wayar daga rediyo. Wanda kuma ke shakkar ko eriyarsa tana buƙatar ƙarin ƙarfi, ya zare ta daga bayan rediyon ya sake sokawa. Idan shuuu ɗin ya ƙaru da aka soka, ƙarfin ya isa, kuɗin na'urar ya sayi ferait da su.