Waiwaye: Yadda kakin ɗan sanda ya zama kaya a kan 'ya'yansa

Tsoron ɗan sanda ya girmi Najeriya. Tun a 1863 Glover, jami'in Turawan Ingila a Legas, ya tara Hausawa ya yi runduna da su, da dama daga cikinsu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu. Dabarar ba ɓoyayya ba ce: baƙo ba ya jin nauyin ɗan gari. Sai a 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu ƙarƙashin shugabanci ɗaya.

Amma talakan Arewa ba wannan runduna ya fi sani ba. Dogari ya sani, da ɗan dokar En'e, masu zuwa ƙauye bayan haraji da jangali. A shekarun 1950, lokacin da NEPU ta Malam Aminu Kano ke tashe, su ake turawa su tarwatsa lacca, su tasa ƙeyar 'yan jam'iyya gaban alƙali. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya. Kaki ya canja, abin da ke zukatan mutane bai gushe ba. A 1980 kuma 'yan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta kan manoman Bakolori masu neman diyyar gonakinsu.

Sauran kowa ya gani da idonsa: shingen hanya, na goro, da rubutun "beli kyauta ne" a bangon caji ofis, wanda ko yaro ba ya gaskatawa. SARS, sashen 'yan sanda na yaƙi da fashi da makami da aka kafa a 1992, ita ta kai mutane bango har aka rushe ta a Oktoban 2020.

Wanda ba a cika tambaya ba shi ne yaron da ya tashi a bariki. Ɗaki ɗaya da falo idan an yi sa'a, banɗaki na haɗaka, maƙwabcin dama Tibi, na hagu Bayarabe, shi ya sa yawancinsu ke tasowa da harshe biyu ko uku. Rana ɗaya takardar canjin wurin aiki za ta zo, a ɗaure katifa da tukwane a tsakiyar zangon karatu. A makaranta ana shakkarsa, ana kuma yi masa gori. Ya yi faɗa, a ce taƙama yake da ubansa. Ya zo da sabon takalmi, a ce kuɗin direbobi ne. Laifin da bai san lokacin da aka yi ba, shi ake nuna wa yatsa.

A Kano lamarin ya wuce gori ranar 20 ga Janairun 2012, da Boko Haram ta kai hari hedikwatar Bompai da wasu ofisoshin 'yan sanda, mutum sama da 180 suka rasu. Daga nan iyaye suka koma fita da kayan gida, kaki a cikin leda, ana kwaɓar yara: kowa ya tambaye ka aikin Baba, ka ce ɗan kasuwa ne.

Dokar 'yan sanda ta 2020 ta maye gurbin ta 1943, sai dai ba ta raba su da tsarin fansho na adashi ba, wanda tuni aka cire sojoji daga ciki. A Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda suka fito zanga-zanga a Abuja kan wannan batu, waɗanda aka tura su tsare hanya kuwa ƙannensu ne a aiki.