Waiwaye: wa ke da ikon yi wa bisa allura a karkarar Tawa?

Ranar kasuwar Abalak, a jihar Tawa ta Nijar, can gefen turakun bisashe, ba ka rasa wani mutum rataye da 'yar jaka: sirinji, kwalbar maganin tsutsa, da ƙarfen dandaƙa. Makiyaya "likita" suke ce masa. Bai taɓa taka makarantar likitocin dabbobi ta Dakar ba, horon 'yan kwanaki ya samu. Ko ya halatta ya yi allura, ya dandaƙe bijimi, ko ya zura hannu ya jawo maraƙin da ya gitta a cikin uwa? Gardamar ta daɗe.

Tun zamanin Turawan Faransa har bayan 1960, lafiyar bisa aikin gwamnati ne. Ma'aikatan kiwo ke bin rijiyoyi da mashaya suna rigakafin cutar bushiya, balle daga 1962 da ƙasashen yankin suka haɗa kai a kanta. Wanda ke riƙe da allura ɗan albashi ne, yana da shugaba a kansa.

A shekarun 1990 aljihun gwamnati ya tsuke, ta sakar wa 'yan kasuwa sayar da magani da yawancin aikin jinya. Likitoci masu takarda ba su da yawa, galibinsu kuma birni suka tare. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki: ƙungiyoyin agaji suka shiga horar da mataimaka daga cikin makiyaya. Matsalar ita ce, in wa'adin shirin ya cika aka kwashe motoci, mataimakin ya zama ba mai duba shi. Wasu suka koma tallar magani da ya sha rana a kasuwa.

A nan likitoci masu takarda, da ke ganin haɗari ne a bar mataimaki ba mai duba shi, ke da gaskiya. Mutum ya ga bijimi ya auna nauyinsa da ido, ya ba shi rabin allurar da ta dace don mai bisa bai da jaka biyu ta sefa, cuta ta lafa ba ta mutu ba, washegari kuma a tatsi nonon saniyar da aka yi wa allura a ba yara.

A 2003 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Beljiyam, VSF, da wata ƙungiyar Nijar mai suna Karkara suka gwada wata dabara a Abalak da Dakoro: likita guda da asibitinsa, mataimaka a ƙarƙashinsa, shi ke ba su magani, shi ke bin sawun aikinsu. Dokar kiwo ta fito a 2004. A tsarin likita da mataimakansa, rigakafi da maganin tsutsa na mataimaki ne, fiɗa ta likita.

A takarda ke nan. Saniyar da naƙuda ta kama da tsakar dare a dajin Azawak, mataimakin ne ke naɗe hannun riga, likita kuwa sai dai ta waya, in akwai layi.