Ilektiron na ɓawon waje a ƙwayar zarra

Ilektiron ƙananan ƙwayoyi ne masu cajin lantarki da ke jere hawa-hawa kewaye da cibiyar ƙwayar zarra, kowane hawa ana ce masa ɓawo. Ilektiron na ɓawon waje, waɗanda masana kemistiri ke cewa ilektiron na balens, su ne waɗanda ke zagaye a ɓawo na ƙarshe na ƙwayar zarra, can nesa da cibiya. Su ne ke shiga harkar haɗuwa da wasu ƙwayoyin, na ciki kuwa cibiya ta riƙe su gam ba ruwansu da kowa.

Ɓawo na farko ilektiron 2 kawai yake ɗauka, na biyu 8, na uku zai iya kaiwa 18. Ga misali sodiyam mai ilektiron 11, wato 2 a ciki, 8 a tsakiya, sai guda ɗaya tal a waje, kuma ɗayan nan riƙon da aka yi masa ba wani mai ƙarfi ba ne, shi ya sa in aka jefa ɗan guntun sodiyam a ruwa sai ka ga yana ta yawo a saman ruwan yana tsuwa yana fitar da iskar haidurojin, har ma a ɗakin gwaji cikin mai ake ajiye shi. Kulorin kuwa 17 gare shi, 2, 8, 7, saura ɗaya ya cika takwas. Da sun haɗu sodiyam ya miƙa nasa kulorin ya karɓe, abin da ke fitowa shi ne gishiri. Abin mamaki ne gaskiya, ƙarfe mai haɗari da iska mai guba, ilektiron ɗaya ya daidaita su.

Wannan neman cika takwas ɗin, Ba'amurke Gilbert Lewis ya yi bayaninsa a 1916, shi ne ma ya kawo zanen ɗigo-ɗigo kewaye da harafin sinadari da ɗalibai ke yi har yau. Iskokin niyon da argon sun riga sun cika takwas a ɓawonsu na waje, don haka da ƙyar suke haɗuwa da komai. Kabon mai guda 4 a waje shi tarayya yake yi, ya haɗa nasa da na haidurojin huɗu ya ba da iskar mitan.

Amma fa dokar cika takwas ɗin ba ta kama kowa ba. Hiliyam 2 sun ishe shi, baƙin ƙarfe wani lokaci ya saki 2 wani lokaci 3, kuma a 1962 masanin kemistiri Neil Bartlett ya haɗa iskar zinon da wani sinadari duk da cewa zinon ya riga ya cika takwas a ɓawonsa na waje.